Fada Tansi na Aguleri: Makiyayin da Ya San Tumakinsa

Karatu: Yohanna 10:1-16, Ezekiyel 34:1-16, Ayyukan Manzanni 6:1-7 da 20:17-35, 1 Bitrus 5:1-4.

Gabatarwa

'Yan'uwa ƙaunatattu, da yawa daga cikinmu mun baro garuruwanmu na Arewa, neman abinci ya kawo mu Kudu. Waɗansu suna zaune a Mil 3 cikin Fatakwal, waɗansu a unguwannin Hausawa na Anaca da Inugu. Muna shiga majami'u inda ake waƙa da Ibo ko da Turanci, mu kuwa da Hausa muke addu'a a zuci. Ya kamata fa mu san labarin bangaskiya na ƙasar da muke baƙunci a cikinta. A wannan darasi za mu duba rayuwar wani ɗan ƙasar nan, Fada Cyprian Michael Iwene Tansi, wanda ya yi shekara goma sha uku yana kiwon ikilisiyoyin ƙauye a ƙasar Anaca. Bai rubuta manyan littattafai ba, bai kuma riƙe babban muƙami ba. Abin da ya sa ake tunawa da shi har yau shi ne aikin kullum na ikilisiya: ziyara, da koyarwa, da shirya aure, da jiyyar marasa lafiya. Ta wurinsa za mu ga abin da Littafi Mai Tsarki yake nufi da kiwon garke.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

Firistocin ƙungiyar Ruhu Mai Tsarki sun sauka Anaca, a bakin Kogin Kwara, cikin watan Disamba 1885, Fada Joseph Lutz yana shugabansu. Ba a daɗe ba suka haura Kogin Anambra zuwa Aguleri, inda wani babban mutum mai suna Idigo ya karɓe su, har aka kafa unguwar Kirista a can. A ƙasar Aguleri ɗin nan aka haifi Iwene cikin 1903. Iyayensa manoma ne, talakawa, masu bin addinin kakanninsu. Sunan mahaifinsa Tabansi. Sunan yaron kuwa gutsure ne na wani dogon suna na Ibo, wanda ma'anarsa roƙo ce kada ƙiyayyar mutane ta hallaka shi.

Tun yana ƙarami ya rasa ganin ido ɗaya wajen wasa da yara, haka ya zauna har ƙarshen ransa. Aka kai shi gidan wani ɗan'uwansu, malamin makarantar mishan, domin ya yi masa hidima ya kuma yi karatu. Riƙon ya yi tsanani, amma a can ya koyi tashi da asuba da ƙin ƙyuya. Cikin 1912 aka yi masa baftisma, aka sa masa suna Michael. Da ya kai shekara 16 ya fara koyarwa. Ya yi aiki a makarantar Triniti Mai Tsarki a Anaca, daga baya ya zama shugaban makarantar Yusufu Mai Tsarki a Aguleri.

A shekarun nan wani babban baƙin ciki ya same shi. Wani boka ya ɗora wa mahaifiyarsa laifin mace-macen da ake yi a garin, aka sa ta sha dafi, ta mutu. Ya dace mu riƙe wannan a zuciya sa'ad da muka zo kan yadda ya tsaya wa mata da marasa gata daga baya, gama a cikin gidansu ya ga abin da tsoro da camfi suke yi wa mai rauni.

Kiransa

A zamanin nan malamin makaranta mutum ne mai daraja da albashi, dangi kuma suna zuba masa ido ya ɗauki nauyinsu. Saboda haka da Michael ya ce zai zama firist, watau ba aure, ba 'ya'ya, ba dukiya, danginsa suka ƙi ƙwarai. Duk da haka cikin 1925 ya shiga makarantar horon firistoci ta Bulus Mai Tsarki a Igbariam. Horon ya yi tsawo, an kuma tsananta shi, gama a lokacin ba a riga an saba da ganin baƙin mutum a bagade ba. Da yawa sun shiga, kaɗan suka kai ƙarshe. Sai cikin 1930 aka naɗa firist na fari daga cikin Ibo na gabashin Kogin Kwara, Fada John Cross Anyogu. Michael ya yi shekara goma sha biyu yana shiri. Ran 19 ga Disamba 1937, Bishop Charles Heerey ya naɗa shi firist a babbar majami'ar Triniti Mai Tsarki a Anaca.

Aka fara tura shi Nnewi ya zama mataimakin Fada Anyogu. Bayan shekara biyu aka ba shi sabuwar ikilisiya ta Dunukofia, inda ya zauna har 1945. Daga nan sai Akpu da Ajalli har 1949, sa'an nan garinsu Aguleri har 1950.

Yadda ya yi kiwo

Mu da muka saba da majami'un birni, kada mu zaci ikilisiyar zamanin nan gini ɗaya ne a bakin titi. Ƙasa ce mai faɗi, da ƙauyuka barkatai. Kowane ƙauye yana da ɗakin sujada na laka wanda shi ne kuma makaranta, da malami ko katekis mai bi da addu'a ran Lahadi. Firist ɗaya ne yake zagaya su duka. Idan bai zo ba, babu hadayar Mas, babu furta zunubi, babu ɗaurin aure. Fada Tansi ya riƙa bin hanyoyin nan a ƙafa da bisa keke, da rani da damina. Idan ya isa ƙauye yakan zauna sa'o'i masu yawa yana sauraron masu furta zunubi, ya jarraba masu neman baftisma ɗaya ɗaya, ya sulhunta masu gardama, ya kai wa marasa lafiya jibin Ubangiji a ɗakunansu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Kiwon ikilisiya ma haka ne. Manzo Bulus ya tuna wa dattawan Afisa cewa ya koya musu a fili da kuma gida gida, Ubangiji Yesu kuma ya nuna cewa makiyayi na gaskiya yakan kira tumakinsa da sunayensu. Ba mai iya sanin sunan wanda bai taɓa taka ƙofar gidansa ba.

Zamansa na talauci ne. Abincinsa kaɗan, barcinsa kaɗan, tufafinsa na talaka. Sa'ad da ake ginin makaranta ko majami'a, ba ya tsayawa a inuwa yana ba da umurni; yakan shiga cikin masu aiki, ya taka laka, ya ɗauki kaya. Abin da aka kawo masa na kyauta yakan raba wa mabukata, har da kutare, waɗanda mutane suke gudu. Wannan ya ba maganarsa nauyi. Da wuya talaka ya ƙi jin mai wa'azin da ya ga yana cin abin da shi yake ci, ko ma abin da bai kai nasa ba. A nan ma mun ga sawun Bulus, wanda ya yi aiki da hannuwansa domin kada ya nawaita wa kowa, ya kuma sami abin taimakon raunana.

Ya mai da hankali ƙwarai ga aure, gama ya gane cewa ikilisiya ba ta fi ƙarfin gidajen da suke cikinta ba. Al'adar wurin ita ce, da an biya sadaki sai yarinya ta koma gidan miji, ɗaurin aure a majami'a kuwa sai ya yi ta jira, wani lokaci shekaru. Fada Tansi ya kafa gidajen horo inda 'yan matan da aka yi wa baiko suke zama har ranar aure. A can ake koya musu addini, da ɗinki, da tsabta, da riƙon gida da renon yara. Samari da yawa sun ji haushi, tun da ya hana su matan da suka biya wa sadaki sai an ɗaura aure a gaban ikilisiya. Bai janye ba. Ya koya wa maza cewa matar aure abokiyar zama ce, ba kayan da aka saya ba. Ya kuma ƙarfafa mata su tsaya wa mutuncinsu, musamman a gaban masu shigar dodanni, waɗanda sukan tare hanya su tsorata mata su dake su.

Akwai kuma mutanen da ake kira osu a ƙasar Ibo, watau zuriyar waɗanda aka keɓe wa gumaka tun dā. Ba a aurensu, ba a cuɗanya da su. Fada Tansi ya ƙi wannan wariya, ya koyar cewa baftisma ɗaya ce, tebur ɗin Ubangiji kuma ɗaya ne. Wanda ya karanta Yakubu 2:1-9 da Galatiyawa 3:26-28 zai ga inda ya samo wannan.

Yara ma bai bar su a baya ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya tara 'yan makaranta kusa da shi, ya lura da karatunsu da addu'arsu da halinsu. Daga cikin yaran da suka tashi a hannunsa an sami firistoci da yawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Francis Arinze, ɗan Eziowelle, wanda Fada Tansi ya yi wa baftisma cikin 1941 yana ɗan shekara 9. Yaron nan ya zama bishop cikin 1965, ya zama Babban Bishop na Anaca cikin 1967, ya kuma zama Kadinal cikin 1985, aka danƙa masa ofishin da yake kula da zumunci tsakanin Ikilisiyar Katolika da mabiyan sauran addinai, har da Musulmi. Firist ɗin da ya zuba masa ruwan baftisma a ƙauye bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Aikinsa na ranar ya yi.

Tsananinsa

Ba daidai ba ne mu ba da labarin bayin Allah kamar ba 'yan adam ba ne. Fada Tansi mutum ne mai tsanani. Horon da yake yi wa yara da manya yana da zafi, irin na zamaninsa, waɗansu kuma tsoronsa suke ji kafin su ƙaunace shi. Akwai hanyoyinsa da makiyayi na yau ba zai bi ba, bai kuwa kamata ya bi ba. Manzo Bitrus ya gargaɗi dattawa kada su nuna wa garke sarauta, sai dai su zama gurbi abin koyi. Abin da ya sa jama'a suka jure tsananin Fada Tansi, har suka riƙa tunawa da shi da ƙauna, shi ne sun ga ya fi tsananta wa kansa, bai kuma nemi ribar kome daga gare su ba. Wannan gargaɗi ne a gare mu. Tsawatawa abu ne mai sauƙin kwaikwayo. Wanda zai ari tsananin mutumin nan, sai ya fara aron azuminsa da talaucinsa da doguwar tafiyarsa. In ba haka ba, ya zama irin makiyayan da annabi Ezekiyel ya kai ƙararsu, masu mulkin tumaki da ƙarfi, ba su ɗaure mai karaya ba, ba su nemo wadda ta ɓata ba.

Shekarun ɓoye

Bishop Heerey yana da burin a kafa gidan zuhudu a Nijeriya, inda maza za su keɓe kansu ga addu'a da aikin hannu. Fada Tansi, wanda ya daɗe yana marmarin irin wannan zama, ya miƙa kansa. Cikin 1950 ya tafi ziyarar ibada a Roma, daga can ya wuce Ingila, ya shiga gidan zuhudu na Dutsen Bernard Mai Tsarki a yankin Leicester. 'Yan zuhudun nan suna bin ƙa'idar Benedict Mai Tsarki da tsanani. A zamanin sukan tashi da tsakar dare domin raira Zabura, ba su cin nama, yawancin yini kuma shiru suke, sai magana da hannu. Daga baya wani firist na Anaca, Fada Clement Ulogu, ya bi shi can.

Mu dubi abin da wannan ya zama ga mutum mai shekara 47. Wanda dubban mutane suke jin maganarsa ya koma ƙarami a cikin gida, yana koyo tare da samari, yana aikin ɗakin cin abinci da ɗinkin littattafai. Sanyin Ingila ya dame shi, abincin baƙo ne, ba kuma mai jin harshensa sai mutum ɗaya. Ya jira fiye da shekara biyu kafin a karɓe shi cikin masu koyon zuhudu. Aka ba shi suna Cyprian, ya kuma ɗauki wa'adi na har abada ran 8 ga Disamba 1956. Mu da muka san ɗacin baƙunci, da kewar tuwon gida da harshen gida, muna iya gane kaɗan daga abin da ya ɗauka.

Har yanzu da sauran gwaji. Gidan zuhudun da aka yi niyyar kafawa a Nijeriya, sai aka sāke shawara aka kai shi ƙasar Bamenda a Kamaru cikin 1963. Wannan ya yi masa zafi, amma ya karɓa. Aka zaɓe shi ya zama mai horon sababbin shiga a can, sai rashin lafiya ya hana shi tafiya. Ran 20 ga Janairu 1964 ya rasu a asibitin Leicester, da ciwon babbar jijiyar jini da take fitowa daga zuciya, yana da shekara 60. Bai sāke ganin Aguleri ba. Ubangiji ya yi misali da ƙwayar alkama a Yohanna 12:24, wadda sai ta fāɗi ƙasa ta mutu kafin ta ba da 'ya'ya.

Aka binne shi a gidan zuhudun. Bayan fiye da shekara ashirin aka kawo ƙasusuwansa Anaca. Ran 22 ga Maris 1998, a Oba kusa da Anaca, Paparoma John Paul na Biyu ya sanar da shi Mai Albarka a gaban babban taro. Shi ne ɗan Nijeriya na fari da aka yi wa haka. Ikilisiyar Katolika tana tunawa da shi kowace shekara ran 20 ga Janairu.

Abin da ya shafe mu

Firist ɗin babbar ikilisiya a Fatakwal ko Anaca ko Inugu yana da dubban mutane, mai yiwuwa kuma bai ji Hausa ba. Ba zai san cewa wani ɗan dako a Mil 3 ya kwana uku da zazzaɓi a shagon da yake kwana ba. Ba zai san gwauruwar da ba ta da kuɗin motar komawa gida ba, ko saurayin da ya ajiye yarinya ba aure, ko yaron da ya daina zuwa sujada domin ba ya gane wa'azi. Mu ne muka san su. Irin wannan ya faru a ikilisiyar fari a Urushalima: Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana manta da gwaurayensu wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su yi fushi ba, masu kukan kuma ba su ware kansu ba. Aka zaɓi mutum bakwai amintattu aka danƙa musu aikin, sunayensu duka kuwa na Helenanci ne. Maganar Allah ta ci gaba da yaɗuwa.

Saboda haka kada ƙungiyarmu ta masu jin Hausa ta tsaya ga taron waƙa kaɗai. Bari mu rubuta sunayen 'yan'uwa da inda kowa yake kwana. Bari a sa mutum biyu biyu su riƙa ziyara kowane mako. Idan wani ya kwanta ciwo, mu kai wa Fada labari da wuri, mu raka shi, mu yi masa tafinta. Dattawa mata su ja 'yan mata a jiki, dattawa maza su yi wa samari magana a kan aure tun abu bai ɓaci ba. Kada kuma mu kawo wariyar kabila ko ta asali daga gida mu shigar da ita majami'a. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke zaune da su unguwa ɗaya, muna ciniki tare, su ma suna da hakkin gaisuwa da jaje da taimako a kanmu. Annabi Irmiya ya umurci waɗanda aka kai bauta Babila su nemi lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a, gama lafiyarsu tana cikin lafiyarsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Bisa ga Yohanna 10, da me ake bambanta makiyayi da ɗan ƙodago? Waɗanne ayyukan Fada Tansi ne suka nuna wannan bambanci?
2. A Ezekiyel 34:4 an lasafta irin tumakin da aka yi sakaci da su. Su wane ne irinsu a unguwarmu?
3. Me ya sa jama'a suka jure tsananinsa? Yaushe tsawatawa take gyara, yaushe kuma take kora?
4. Shekarunsa goma sha uku a Ingila, hasara ce ga ikilisiyar Anaca ko riba? Ku ba da dalili daga Littafi Mai Tsarki.
5. Wane ɗan'uwa ne ba mu gani a sujada ba cikin watan nan? Wa zai je wurinsa kafin Lahadi mai zuwa?

Addu'a

Ya Ubangiji Yesu, Makiyayi Mai Kyau, mun gode maka domin bawanka Cyprian Michael Tansi. Ka ƙarfafa firistocinmu da katekis da dattawanmu. Ka buɗe idanunmu mu ga mai ciwo da baƙo da wanda ya ɓata a unguwarmu, ka ba ƙafafunmu ƙarfin zuwa wurinsu. Ka ba da salama ga garuruwan da muke baƙunci a ciki, da garuruwan da muka baro. Amin.